Ra'ayinmu: Ruwa a Kasuwar 'Yan Jari-Hujja

A watan Disamba na shekarar 2020 babbar kasuwar ciniki ta birnin Shikago a Amurka, wadda ake kira CME, ta shigar da ruwa cikin jerin kayan da ake cacar farashinsu, kafaɗa da kafaɗa da zinariya da alkama da man fetur. Farashin ruwan jihar Kalifoniya, inda fari ya zama baƙon kullum, shi aka ɗauka ma'auni. Kowace takardar ciniki tana tsaye ne a madadin ruwan da zai malale eka 10 zurfin ƙafa ɗaya, watau fiye da lita miliyan 12. Abin lura kuwa shi ne mai sayen takardar ba ya karɓar ko ɗigo. Idan wa'adi ya cika, sai a duba yadda farashi ya hau ko ya sauka, a biya shi riba ko ya biya hasara.

Masu kare wannan tsari suna cewa manomi zai sami hanyar kare kansa daga tashin farashi, kuma abin da aka saya da tsada ba a almubazzaranci da shi. Ba mu ce maganarsu ba ta da kai ba. Madatsar ruwa da bututu da injin tacewa da albashin ma'aikata duk kuɗi suke ci, tilas wani ya biya. Amma fa biyan ladan kawo ruwa daban, mallakar ruwan kansa daban. Attajirin da ya zuba dukiyarsa yana jiran farashi ya hau, damina mai albarka hasara ce a gare shi. Ranar da jama'a suka fita roƙon ruwa, shi yana ɗaka yana fatan kada a amsa.

Wanda yake ganin mun tsananta, ya dubi ƙasar Chile. A 1981, ƙarƙashin mulkin soja na Janar Pinochet, aka kafa dokar da ta raba haƙƙin ɗiban ruwa da mallakar ƙasa, ta mai da shi kadara da ake saye, a sayar, a gada. Sannu a hankali haƙƙin ya taru a hannun kamfanonin haƙar ma'adinai da manyan gonaki. A lardin Petorca an wayi gari gonakin fiya da ake fitarwa Turai sun yi kore shar, koguna sun ƙafe, mutanen ƙauye kuwa suna layi a gindin tankar ruwa. Sai a 2022 aka gyara dokar don a fifita ruwan sha, alhali tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne.

Mu ma a nan ba baƙin sayen ruwa ba ne. Wa bai san ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki ba? Ba ma zarginsa, guminsa yake ci. Sai dai ya isa ishara: a unguwar da famfo ya kafe, talaka ne yake sayen ruwa da tsada, mai hali kuwa ya haƙa burtsatse a gidansa ya huta.

Don haka muke magana da ku, 'yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka kama aikin gwamnati kwanan nan. Gobe wasunku za su zauna a ma'aikatun ruwa, kuma a kan teburinku 'yan kasuwa za su ajiye yarjejeniya mai shafi ɗari da sunan zuba jari. Kafin ku sa hannu, ku nemi a nuna muku a rubuce wane ne mai kogin da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bayan an ƙulla cinikin, wa zai yanka farashi, shekara nawa za a yi, da kuma lita nawa aka keɓe wa kowane gida kafin a sayar wa masana'anta ko guga ɗaya.