Karayar Wuyan Hannun Yara da Haɗarin Matsattsen Ɗauri

Karayar wuyan hannu tana cikin raunukan da suka fi samun yara, domin duk yaron da ya faɗo daga bishiya ko katanga, da tafin hannu yake fara dafa ƙasa. Ƙashin yaro kuwa ɗanye ne. Sau da yawa tanƙwarewa yake yi ko ya tsage ta gefe guda, kuma ko ya ɗan karkace, yakan miƙe sannu a hankali yayin da yaron ke girma.

A shekarar 2022 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka gudanar a Birtaniya a kan yara 965 masu ƙaramar karayar da ƙashi ke tattarewa ba tare da ya rabu ba. An gano cewa waɗanda aka naɗa wa bandeji mai laushi ba su fi waɗanda aka ɗaure da abu mai tauri jin zafi ba. Amma idan ƙashin ya goce, sau da yawa akan mayar da shi mazauninsa, a sa filasta, wato simintin asibiti, na kimanin mako huɗu zuwa shida. Hoton ƙashi ne ke bambance wannan da waccan.

A nan ne gizo ke saƙar a ƙasarmu. Iyaye kan ce "targaɗe ne", kalmar da muka mayar mayafin kowane ciwon gaɓa, sai a garzaya wurin mai ɗori. Babu mai musun cewa maɗora sun daɗe suna hidima inda babu likita. Illar tana ga karan ɗori da ake tamkewa a kan hannun da bai gama kumbura ba. Jini ya kasa wucewa, tsoka ta fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i, karayar da za ta warke a wata guda ta ƙare da yanke hannu. Hasali ma filastar asibiti tana iya yin wannan ɓarna, shi ya sa likita kan tsaga ta ko ya sa rabi a kwanakin farko.

Ko wane ne ya yi ɗaurin, idan zafi ya ci gaba da tsananta, ko yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, ko suka daina motsi, a kai yaron asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ba zai iya ɗaukar nauyin Arewa duka ba. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su samar da na'urar hoton ƙashi mai aiki a kowane babban asibiti, su kuma tara maɗora a koya musu waɗannan alamomi da lokacin da ya wajaba su miƙa yaro ga likita.