Ina Isnadin Wannan Hoton?

A wannan wata zan shigo da ku cikin gidana ne, domin abin da nake son mu tattauna a can ya faru, kuma ina kyautata zaton da wuya a sami gidan da bai taɓa ziyarta ba.

Muna da zauren dangi a WhatsApp, wanda aka buɗe domin sanarwar suna da ɗaurin aure da rasuwa. Wata rana bayan sallar asuba sai gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce babbar da ta rage mana, ta turo wani hoto. Ƙwarangwal ne na mutum kwance a cikin rami, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa kai girman wani ma'aikaci da ke tono a gefensa. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa masu neman man fetur ne suka tono shi a hamadar Saudiyya, cewa ɗaya ne daga cikin Adawa mutanen Annabi Hudu, cewa an killace wurin an hana kowa zuwa, kuma duk wanda ya gani ya tura wa mutum goma. Kafin hantsi zauren ya cika da kabbara. Ni ma na yi tawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, shekarun baya da hannuna na taɓa tura wa abokai wannan hoto.

Da dare sai ɗana, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, ya same ni a zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, hoton nan da Hajiya ta turo ba gaskiya ba ne." Na tashi da faɗa, na ce ya san abin da yake faɗa kuwa? Sai ya miƙo mini wayarsa. Bayan na gama karanta abin da ya binciko na yi shiru, sai ya yi mini tambayar da ita ce dalilin wannan rubutu. Ya ce, "To Baba, idan wannan ƙarya ne, sauran abubuwan da ake gaya mana fa?"

Ga asalin hoton, domin wanda bai sani ba ya sani. A shekarar 2000 an tono ƙasusuwan wata dabba dangin giwa, wadda irinta ya ƙare tun da daɗewa, a wani gari da ake kira Hyde Park a jihar Niyok ta Amurka, aka ɗauki hoton ramin daga sama. A 2002 wani shafin intanet mai suna Worth1000 ya shirya gasar harhaɗa hotuna da kwamfuta, inda aka nemi masu zane su ƙago abubuwan mamaki na tarihi waɗanda ba su taɓa faruwa ba. Wani mai zane ɗan Kanada ya ɗauki hoton wancan rami ya ɗora ƙwarangwal ɗin mutum a kai, ya shiga gasa da shi. Bai ce wa kowa gaskiya ba ne, wasa aka kira shi ya yi, ya kuwa yi. Daga baya wasu suka kwashe hoton suka laƙa masa labari. Wajen 2004 ya fara yawo a wasiƙun intanet da sunan Adawa a Saudiyya. A 2007 wata mujallar mabiya addinin Hindu ta buga labarin da cewa a Indiya aka tono shi, kuma hujja ce a kan gwarzayen da ke cikin littattafansu, har ta jingina binciken ga ƙungiyar National Geographic, wadda ala tilas ta fito a ƙarshen wannan shekara ta ƙaryata. Wasu Kiristoci kuma sun yaɗa irinsa da sunan ƙattin mutanen da aka ambata a nasu littafin. Mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau: hoto ɗaya, wanda aka ƙaga domin cin gasa, ya zama hujja ga addinai uku masu saɓa wa juna. Abin da zai iya tabbatar da kowace magana, babu maganar da ya tabbatar.

Ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu mun saurari wani sauti, da farko a kaset daga baya a waya, wanda aka ce ihun waɗanda ake azabtarwa ne a ƙarƙashin ƙasa, wai masu bincike ne a Saibiriya suka haƙa rami suka zura na'urar naɗar murya. Ramin kam akwai shi, amma a yankin Kola yake, kusa da iyakar Rasha da Norwe. Tarayyar Sobiyet ta fara haƙa shi a 1970, ya kai zurfin mita 12,262 a 1989, faɗinsa kuwa bai wuce santimita 23 ba, kuma duwatsu suke nazari. Labarin ihun, wata tashar talabijin ta Kiristoci a Amurka ce ta yayata shi a 1989 a matsayin hujjar wuta, mu kuma muka ara muka yafa muka canza masa suna. Haka nan labarin cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta, alhali tun 1983 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar ƙaryata wannan magana a madadinsa. Mutumin ya mutu a 2012, amma har yau ana musuluntar da shi a wayoyinmu duk shekara.

To, abin da ya fi damuna shi ne wannan. Mu ne mutanen da aka san mu da tambayar hujja. Idan mai wa'azi ya kawo hadisi, nan take za a ce masa wa ya ruwaito, a wane littafi, ingantacce ne ko mai rauni. A kan wannan tambaya aka yi mana laƙabi iri-iri, a kanta aka ɓata da wasunmu a cikin danginsu. Amma da zarar magana ta zo a cikin waya da hoto a jikinta, sai duk wannan tarbiyya ta bi iska, mutum ya tura ba tare da ya tambayi ko da sunan wanda ya fara faɗa ba. Alhali kuwa saƙon da aka turo maka daga wanda aka turo wa daga wanda ba a sani ba, a ma'aunin malaman hadisi, labari ne da ba shi da isnadi ko kaɗan, wanda ko matsayin mai rauni bai kai ba. Imamu Muslim a gabatarwar Sahihinsa babi guda ya ware a kan hana mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda yaranmu na Islamiyya suka haddace, a kan bincikar labari ta sauka. Babu inda aka keɓe labarin da ya yi mana daɗi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini. Za su ce ai niyya ce mai kyau, ai yana ƙara wa mutane imani, ai ko ba gaskiya ba ne bai cutar da kowa ba. Wannan uzuri tsoho ne ƙwarai. Littattafan ilimin hadisi sun kawo labarin Nuhu bin Abi Maryam, wanda ya ƙirƙiro hadisai a kan falalar surorin Alƙur'ani sura bayan sura, da aka tuhume shi ya kafa hujja da cewa ya ga mutane sun shagala da fiƙihu da tarihin yaƙoƙi sun bar Alƙur'ani, shi ya sa ya yi domin neman lada. Malamai ba su karɓi wannan uzuri ba, hasali ma sun ce masu ƙirƙira da kyakkyawar niyya sun fi kowa haɗari, domin jama'a na amincewa da su saboda kamalarsu. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan hijira, littafi guda ya wallafa domin tattara irin waɗannan ƙagaggun ruwayoyi a san su a guje su. Waɗanda suka manyanta a cikinmu kuma za su tuna takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai hidimar masallacin Madina, wadda ake rabawa a tashar mota da ƙofar masallaci, ana yi wa wanda ya kwafa ya raba alkawarin arziki, wanda ya ƙi kuma ana yi masa barazana da musiba. Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya rubuta raddi a kanta ya bayyana cewa ƙarya ce tsagwaronta. Da bakinmu muka karanta wannan raddi a majalisu. Yau ga ta nan ta dawo cikin aljihunmu da sabuwar riga, da "tura wa mutum goma" a gindinta, kuma mu ne masu turawa.

Batun cewa bai cutar da kowa ba, sai a tambayi ɗana. Yaran yanzu ba irinmu ba ne da muka taso labari sai abin da rediyo ya faɗa. Cikin minti biyu yaro zai sa hoto a Google Lens ya ga inda ya fara fitowa da shekarar da ya fito. Idan ya kama mahaifinsa da malaminsa da kakarsa sun haɗu sun yi kabbara a kan hoton gasa, ba hoton kaɗai zai jefar ba. Zai fara auna duk abin da ya ji daga bakinsu da wannan ma'auni, har da abin da yake gaskiya tabbatacciya. Ƙissar Adawa tana cikin Alƙur'ani, mun yi imani da ita tun kafin a ƙirƙiro kyamara, ba ta taɓa buƙatar shaidar wani mai zane a Kanada ba. Mu ne muka ɗaura ta da igiyar ƙarya, har yaro ya zaci idan igiyar ta tsinke ita ma ta faɗi.

Kuma hannun da ya saba tura abin al'ajabi ba tare da bincike ba, shi ne dai zai tura abin da ke kisa. A watan Agusta na 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya game ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya. Ni kaina da tsakar dare aka tashe ni a waya, wanda ya kira kuwa ƙauna ce ta sa shi. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti, musamman masu hawan jini. Cutar ita kanta mutum 20 ta kama a duk Nijeriya kafin a shawo kanta a watan Oktoba na wannan shekara. Saƙon gishiri kuwa ya shiga gidajen da Ebola ba ta ko kusanci jiharsu ba.

Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar. A 2018 suka fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a farkon 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo, mai kibiya biyu a samansa, suka mayar da shi wuri ɗaya. Wato kamfanin da ba ruwansa da ilimin isnadi ya ɗora maka alamar da ke cewa wannan magana ta ratsa hannaye da yawa kuma ba a san mafarinta ba, kai kuma ɗalibin hadisi ka tsallake alamar ka danna. Ga shi yanzu al'amarin ya ƙara tsanani, domin a 2002 sai gwanin zane ne zai iya haɗa irin wancan hoto, yau kuwa da manhajojin ƙirƙirarriyar basira kowane yaro zai iya ƙago hoto, ko bidiyo, ko muryar malamin da ka sani yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda hoton 2002 ya ruɗe shi, ina zai sa kansa?

A daren nan na daɗe tare da yaron. Ban kare hoton ba, na ce masa ya yi daidai, ni ne na yi kuskure. Na ɗauko masa littafin musɗalahi da na karanta ina saurayi, na nuna masa cewa abin da ya yi da wayarsa, na bin labari har tushensa, aikin magabatanmu ne tun fiye da shekara dubu, kuma da irin wannan tankaɗe da rairaya aka tace abin da muke gaya masa. Ban sani ba ko na gamsar da shi gaba ɗaya, amma ya karɓi littafin ya tafi da shi ɗakinsa.

Saura gwaggo. Ban yi mata gyara a cikin zauren ba, domin ba a kunyata babba a gaban 'ya'ya da jikoki, kuma masu yin haka da sunan faɗin gaskiya su ma suna da nasu laifin. Ranar Juma'a na je gidanta da goro, bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, hoton nan da kika turo, ashe Turawa ne suka haɗa shi da na'ura domin wasa." Ta yi salati ta riƙe haɓa, ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu har da Annabawa ake yi wa wannan? To ni wa zan tambaya, tunda jikokin nan ne ke karanta mini?" Na ce ta riƙa turo mini ni kaɗai tukuna, in duba, kafin ta sa a zaure. Ta amince, bisa sharaɗin kada in riƙa ɓata mata lokaci.

Tun daga ranar kusan kullum da asuba sai na tarar da saƙonta. Na jiya hoton wani kifi ne da aka ce an kama shi da rubutu a jikinsa, ta haɗo da muryarta tana cewa in yi sauri in duba domin ƙawayenta na jira. Na miƙa wa ɗana wayar, ya ce in ba shi zuwa azahar.