Cin rani a kan ruwa

Ga damina ta ɗauke, hazo ya fara sauka a kan kogin Wouri, lokacin da motocin Garwa da Marwa ke sauke mana baƙi 'yan cin rani a New Bell. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu taɓo wani irin cin rani da ba mu saba jin labarinsa ba.

Turawa ma suna cin rani, sai dai sanyi ne yake koro su. Idan hunturu ya kama ƙasashensu, akwai waɗanda ke rufe gida, su kwashi mata da 'ya'ya su shiga ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, su nufo inda rana take. Tun shekarar 1986, duk ƙarshen Nuwamba ayarin irin waɗannan jirage yakan tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari ya ƙetare tekun Atlantika. A yanzu yana sauka ne a tsibirin Saint Lucia, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku. Wasu ba sa ƙetarewa. Sukan jefa anga a Mindelo ta Kef Bad, ko a gaɓar Hann ta Dakar, ko cikin kogin Kasamans, jirgin shi ne ɗaki shi ne kicin, har sanyi ya wuce.

Da wuya ka ga ɗayansu a Duwala, alhali ɗumin da suke nema mu har ya ishe mu. Sun yi lissafi ne. Tashar Duwala tana kimanin kilomita 50 daga buɗaɗɗen teku, manyan jirage sukan tsaya a bakin mashigi suna jiran izinin shigowa, kuma a nan ne a watan Agusta na 2019 'yan fashin teku suka hau jirage biyu suka yi awon gaba da ma'aikata 17. Baturen da zai kwana a kan ruwa da iyalinsa sai ya bi labarin kowace gaɓa tukuna. Ya san lokacin cikar ruwa da janyewarsa, yana da na'urar kiran agaji, ɗansa ɗan shekara biyar ya iya iyo, duk da haka ba ya taka jirgi sai da rigar hana nutsewa a jikinsa.

To mu fa? Tun zamanin Jamus Hausawa suke wannan gari, fiye da shekara ɗari ke nan, amma mun juya wa ruwan baya kamar ba a gefensa muke kwana ba. Sai ga shi neman abinci yana tura samarinmu kansa. Yaro ya taso inda ruwa mafi zurfi shi ne tafkin bayan gari, kwana uku da isowarsa an haɗa masa kayan koli, ya shiga kwalekwale mai inji a Youpwé zuwa Manoka ko Cap Cameroun, ya sayar wa masunta, ya sayo bandar kifi. Sana'a ce ta halal, ba mu da ta cewa a kanta. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake lodin kwalekwalen nan har ruwa ya kusa shafar bakinsa, a tashi da almuru cikin hazo, babu wanda ya iya iyo sai mai tuƙi. Idan ka yi maganar riga, sai a ce maka kwana ne idan ya ƙare ya ƙare. Wannan ba tawakkali ba ne, kuma babu malamin da ya karantar da haka. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, umartarsa aka yi ya sassaƙa jirgi tun ruwan bai zo ba.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mai masauki da ya karɓi ɗan mutane amana ce a hannunsa. Ya kamata ya san jirgin wa yaron ya shiga, da ranar da zai dawo, ya kuma ara masa rigar idan bai da ita. Kuɗinta bai kai asarar buhun kifi ɗaya ba, balle a yi maganar wayar da za a buga wa uwa a arewa.

Akwai kuma tambayar da masu wannan tafiya suke yawan kawowa masallaci, wato hukuncin salla. Ruwan teku mai tsarki ne, alwala da shi ta inganta ko da gishirinsa. Alƙibla daga nan tana arewa maso gabas. Mai salla a jirgi ya fuskance ta, ya juya idan jirgin ya juya, ya tsaya da ƙafafunsa in zai iya, in yana tsoron faɗawa ruwa ya zauna. Kasaru kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, sai tafiya ta kai mil 48, kusan kilomita 80, a tudu ko a ruwa, kuma Muhtasar na Shehu Halil ya nuna har matuƙin da ke zaune a jirgi da iyalinsa yana yin ta. Tsakanin Youpwé da Manoka bai kai haka ba, don haka a cika raka'a huɗu. Wanda ya yi nisa har ya kai, sannan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, shi ma ya koma cikawa daga ranar.