A Bar Mazari Ya Yi Aikinsa

Jama'a, kowa ya san mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a bakin Kogin Gari da madatsar ruwa ta Kazaure, da tafkunan Roni da Gwiwa da Babura. Yara kan kama shi don wasa, manya kuwa ba su kula da shi. Amma fa ma'aikacin lafiya ne wanda ba ya karɓar albashi.

Ga yadda al'amarin yake. Mazari cikin ruwa yake ƙwai. Ɗansa yakan yi watanni a can, yana laɓe cikin ciyawa da taɓo, yana cafke 'ya'yan sauro. In ya yi fiffike kuma sai ya bi iyayensu a iska. Sauro kuwa, tun 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinsa, ciwon da kimanin rubu'in masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne.

To, abin da ke damunmu shi ne masuncin da ke zuba guba a ruwa don kifi ya taso, da mai lambun da ke wanke tulun feshinsa a rafi. Guba ba ta zaɓe, mazari da sauro duka take kashewa. Amma ɗan sauro cikin kwana goma ya zama sauro, ɗan mazari kuwa sai ya yi watanni. Watau ɓarawo ya komo, mai gadi yana kabari.

Ba mu ce mazari kaɗai zai kori zazzaɓi ba. Ko feshi ma bai iya ba. An jarraba a ƙasar Garki, maƙwabciyar Babura, daga 1969 zuwa 1976, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. An fesa ɗakuna, an raba magani, ciwon ya ragu, da aka daina ya dawo. Saboda haka kada mu raina mataimaki, kome ƙanƙantarsa.

Malaman makaranta, ku kai yara bakin ruwa su gani da idonsu. Akawuna, ku isar wa hakimai da dagatai, su ja kunnen Sarkin Ruwa da mutanensa. A cike ƙananan ramuka na cikin gari, inda sauro ke haihuwa ba mai tsare shi, a kwana cikin gidan sauro. Babban ruwa kuwa a bar shi da masu gadinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.