Maudu'in Mako: A Hanyar Burji, Mu Ne Motar Asibitin Junanmu



Marka ta kankama, kuma duk mai hawa babur daga Zurgu zuwa Rano ko Kibiya ya san yadda hanyar burji take komawa: taɓo, zaizaya, ga rafin da jiya aka tsallaka da ƙafa, yau ya cika ya batse. Idan babur ya kayar da mutum a irin wannan wuri, motar asibiti ba za ta riga mu isa ba. Wanda ya fara tsayawa a kansa, shi ne likitansa har a kai Babban Asibitin Rano.

To, mun shirya? Gaskiya ba mu shirya ba. A 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sanya hular kwano, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka. Mun yi dariya, amma har yau kanmu a buɗe yake, ga goyon mutum uku da buhun masara.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Haka ne, amma ƙaddara ba ta ce a fita da birki mara ci ba.

Kafin mu tashi, mu duba birki, taya da fitila, mu cika waya da caji, mu gaya wa na gida hanyar da za mu bi. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa, mu jira ya janye. Gara a kwana a hanya da a kwana ana neman gawa.

In an yi haɗari, mu danne rauni da tsumma mai tsabta, ban da ƙasa ko baƙin mai. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa. Mai kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi a ɗora a babur, a nemo mota. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Shawararmu: kowace tashar acaɓa ta yi karo-karo ta ajiye akwatin taimakon gaggawa, da lambar direban da zai amsa waya ko da tsakar dare. Wace tasha ce za ta fara? Ku faɗa mana a ƙasa.

Allah Ya kiyaye hanya.