Ƙauna Ce Ko Tuwo Kare Ya Ke Bi?

'Yan'uwana 'yan koleji, akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, a ɗakin kwana da wurin cin abinci, har yau kuwa ba a raba ta ba. Waɗansu sun ce kare da kyanwa suna ƙaunar mai su ƙauna ta gaskiya, har ma suna warkar da ciwo, suna kuma ganin abin da idon mutum ba ya gani. Waɗansu kuwa sun ce wannan duk shagalin Turawa ne, dabba cikinta kaɗai ta sani, wanda ya riƙe akushi shi ne ubangidanta. Tun da Edita ya ba ni fili, zan faɗi nawa ra'ayin. Maganar ta wuce wasa, gama ba da daɗewa ba za a danƙa wa kowannenmu aji, abin da muka ɗauka game da dabbobi kuma shi za mu shuka a zukatan yara kowace shekara.

Bari in fara da masu maganar ciki, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Sukan kawo labarin Pavlov, wani masani na ƙasar Rasha wanda ya sami kyautar Nobel a 1904. Shi ne ya nuna cewa in ka saba wa kare da jin wata ƙara kafin ka ba shi abinci, kwana kaɗan sai ka ga yawunsa yana zuba da jin ƙarar kaɗai, ko babu tuwo. Suka ce to, haka kaɗa wutsiya ya ke: kare ya ga mai tuwo, jikinsa ya motsa, mu kuma muka sa wa abin suna ƙauna. Amma ina so su tuna da jariri. Shi ma ai da nono ya fara sanin uwarsa. Ba wanda ya taɓa cewa ƙaunar ɗa ga uwa ƙarya ce don ta soma daga nono. Abin tambaya shi ne, in an ajiye abinci gefe guda, akwai sauran wani abu da ya rage?

Masana sun gwada wannan. A 2016, a Jami'ar Emory ta Amurka, Gregory Berns da abokan aikinsa suka koya wa waɗansu karnuka kwanciya shiru a cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Sa'an nan suka riƙa nuna musu alamu iri biyu, ɗaya tana nufin nama yana zuwa, ɗaya tana nufin ubangida zai zo ya yi yabo. Wurin da murna ke tashi a ƙwaƙwalwar yawancinsu ya motsa domin yabo daidai da yadda ya motsa domin nama, a waɗansu ma ya fi. Biyu ne kaɗai suka fifita nama. Shekara guda kafin haka, a 2015, masana na Jami'ar Azabu ta Japan sun auna wani sinadari na jiki mai suna oksitosin, wanda ya ke ƙaruwa sa'ad da uwa ke shayar da ɗanta. Suka tarar in kare da mai shi suka daɗe suna duban juna, sinadarin nan yana ƙaruwa a jikinsu su biyu. Da aka gwada da kyarketai waɗanda mutane suka rena tun suna ƙanana, ba a ga haka ba. Kyanwa ma, wadda mu ke ce mata mai son kanta, an gwada ta a 2019 a wata jami'a ta jihar Oregon. Aka bar ta ita kaɗai minti biyu a baƙon ɗaki, kana mai ita ya dawo. Wajen kashi 65 cikin 100 na kyanwoyin, da ganin mai su sai hankalinsu ya kwanta suka ci gaba da wasa, kamar yadda yaro ya ke yi in uwarsa ta dawo. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, an tambayi fuska, an tambayi jiki da ƙwaƙwalwa, duk bakinsu ɗaya.

Ga kuma labarin Haciko, wani kare na birnin Tokiyo. Ubangidansa, Farfesa Ueno, malamin aikin gona ne a jami'a, kullum da yamma kuwa karen yakan tarye shi a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya. A watan Mayu 1925 malamin ya rasu a wurin aiki, bai komo ba. Haciko ya ci gaba da zuwa tashar har ya mutu a watan Maris 1935, watau kusan shekara goma. Masu gardama za su ce ai mutane suna ba shi abinci a wurin. Gaskiya ne, musamman bayan da jarida ta buga labarinsa a 1932. Amma shekaru bakwai ɗin da suka wuce kafin ya yi suna fa? Ba ma sai mun je Japan ba. Wanda ya taɓa zama kusa da rugar Fulani ya ga yadda makiyayi ya ke kiran saniya da sunanta ta fito daga cikin garke, baƙo kuwa ko ya yini yana kira ba ta ɗaga kai.

Saboda haka ni na tsaya a kan cewa ƙaunar tana nan. Sai dai a san iyakarta. Da fari, ba kowace dabba ce ke da ita daidai da 'yar'uwarta ba. Kaza takan bi mai watsa tsaba ko wane ne shi, kada mutum ya zaci irin zuciyar kare ce da ita. Na biyu, ƙaunar kare ba ta da shari'a. Karen ɓarawo yana ƙaunar ɓarawo kamar yadda karen liman ko na fasto ya ke ƙaunar nasa ubangidan. Ba ya auna hali, ba ya yi wa mutum gargaɗi in ya kauce hanya, ba ya kuma iya ƙudurta ƙaunar maƙiyinsa. Wannan aikin ɗan Adam ne. Wanda ya ce karensa ya fi masa mutane duka, ina jin tsoro ƙaunar da ba ta tsawatarwa ya ke nema.

Yanzu sai maganar warkarwa. A nan ma akwai gaskiya, ta kuma daɗe. A 1796 aka buɗe wani gidan jinyar masu taɓin hankali a York ta Ingila, a zamanin da a ke ɗaure irin waɗannan marasa lafiya da sarƙa. Masu gidan suka bar ƙananan dabbobi suna yawo a farfajiya domin majinyata su riƙa lura da su. Florence Nightingale, uwar aikin jinya, ta shawarci a ajiye wa mai doguwar jinya ƙaramar dabba ta ɗebe masa kewa. A 1962 wani likitan hankalin yara a Amurka, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaran da suka ƙi buɗe baki a gabansa suka soma magana da karensa, daga nan suka soma magana da shi. A 1980 kuma Erika Friedmann ta ba da labarin mutum 92 da aka sallama daga asibiti bayan ciwon zuciya. Cikin 53 masu dabba a gida, 3 suka rasu kafin shekara ta zagayo. Cikin 39 marasa dabba, 11 suka rasu.

Amma a yi hattara da lissafin nan. Mai yiwuwa ne waɗansu masu dabbar tun da fari sun fi sauran ƙarfin jiki, shi ya sa su ke iya kiwo. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba maganar a 2013, ta ce da alama ajiye kare yana tafiya tare da raguwar ciwon zuciya, amma kada kowa ya ɗauki kare domin magani kaɗai. Yadda abin ke aiki kuwa ba asiri ba ne. Mai kare yakan yi tafiya da ƙafa. Tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, in tana da kyanwa ko 'yan tattabaru, tana da dalilin tashi da safe, tana da wanda za ta yi wa magana. Kaɗaici ciwo ne, dabba kuwa tana rage shi. Wannan taimako ne babba, amma ba ya kashe ƙwayar tarin fuka, ba ya kuma sauke zazzaɓi.

To, ina batun ruhu? Mutanen duniya sun daɗe suna ganin wani abin ɓoye a jikin dabbobin gida. Misirawan dā sun keɓe kyanwa ga wata allahiyarsu mai suna Bastet, suna shafe gawarta da magani su naɗe kamar ta sarki. A wajenmu kuma akan ce baƙar kyanwa ta aljanu ce ko ta mayu, in kare ya yi ta kuka da dare an ce mutuwa ya hango. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Kunnen kare yana kama siririn sauti wanda namu ba ya kamawa, hancinsa kuwa ya fi namu nesa ba kusa ba. A 2018 masana suka ba da labarin wani gwaji da aka yi da safar da yara 'yan makaranta suka kwana da ita a ƙasar Gambiya. Karnukan da aka horar suka gane wajen kashi 70 cikin 100 na safar yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta wurin sansana kaɗai. Da kakanninmu sun ga haka da sun ce karen yana da iska. Baiwar hanci ce Mahalicci ya ba shi.

Aikin dabba a kan ruhunmu, a ganina, wani ne dabam: da ita a ke gwada tausayinmu. Sa'ad da Annabi Natan ya so ya farkar da zuciyar Sarki Dawuda, labarin wani matalauci ya ba shi, mai 'yar tunkiya guda wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, har wani mai arziki ya ƙwace ta ya yanka wa baƙo. 'Yan'uwanmu Musulmi kuma suna da labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na macen da ta shiga wuta domin ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Karen Ashabul Kahfi ma an ambace shi a cikin Alƙur'ani. Addinan nan biyu ba su ce a yi wa dabba sujada ba, ba su kuma ce a jefe ta ba. Tausayin nan kuwa tsoho ne ƙwarai. A 1914 aka tono wani kabari a Oberkassel kusa da Bonn ta Jamus, mai shekara wajen 14,000, da namiji da mace da ɗan kwikwiyo a ciki. Da aka sake duba haƙoran kwikwiyon a 2018, sai aka ga ya sha doguwar cuta mai tsanani, wadda ba zai jure mata makonni ba sai da wani ya yi jinyarsa. Kwikwiyo mara lafiya ba ya farauta, ba ya gadi. Me ya sa suka yi ta wahala da shi?

Saura gargaɗi guda, shi ne ma ya fi damuna. Akwai masu cewa in kare ya lashi gyambo zai warke, har waɗansu sukan kawo labarin Li'azaru na cikin Linjilar Luka. Amma an ambaci karnukan nan ne domin a nuna iyakar wulaƙancin da matalaucin ya ke ciki, ba a ce sun warkar da shi ba. Yawun kare yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, mafi muni kuwa ita ce ta haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, watau irin waɗanda za su zauna a gabanmu a aji. In alamunta suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Ga shi kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaro na farko allurarta a Faransa ya tsira, a ƙasarmu kuma akwai ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi a Vom kusa da Jos tun 1924, inda a ke yin alluran rigakafin dabbobi. Karen da ya fi ƙaunarka, in cutar ta kama shi, kai zai fara ciza, gama kai ne kusa da shi.

Don haka, 'yan'uwa malaman gobe, ga abin da na ke roƙo. In mun ga yara sun taru suna jifan kare ko suna ɗaure wa kyanwa gwangwani a wutsiya, kada mu wuce muna dariya, gama hannun da ya saba da mugunta ba ya tsayawa a kan dabba. Mu koya musu cewa wanda ya ajiye dabba ya ɗauki bashin abincinta da ruwanta da allurarta. Mu koya musu in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko wani tofi. In kuma muka tarar da yaro mai shiru-shiru wanda ba ya iya karatu a gaban jama'a, ba laifi mu ce ya je gida ya karanta wa karensa ko akuyarsa, domin su ba sa yi masa dariya in ya yi tuntuɓe.

Wanda bai yarda da ni ba, fili yana nan a fitowa ta gaba, sai ya kawo tasa hujjar mu ji. Allah ya ba mu zuciyar tausayi, da hankalin sanin iyakar kowane abu. Amin.