Kasuwar Kurmi da Akwatin Rarraba Saƙo

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki hannu da hannu a Kasuwar Kurmi. Amma da takardun naira suka yi wuya a tsakiyar shekarar 1444 ta Hijira, musamman a watannin farko na 2023, sai biya ya koma ta banki, "babu sabis" ta zama ruwan dare cikin birni.

Wani lokaci laifin daga nesa yake, kamar tsinkewar wayoyin ƙarƙashin teku a watan Maris 2024. Wani lokaci kuwa yana cikin ofis, a akwatin da ke haɗa kwamfutoci. Mai araha wuce da saƙo kawai ya sani. Wanda ake sarrafawa kuwa yakan nuna layin da ya lalace, ya gabatar da saƙon biyan kuɗi, ya raba layin ma'aji da na baƙi.

Sai dai akwatin ba ya saita kansa. Saboda haka wajibi ne ma'aikatu su horar da mai kula da shi kafin su saye shi, makarantun fasaha kuma su koyar da ɗalibai aikinsa a aikace.